FARANTIN DA BA YA RIƘE MIYA

Yau ba labarin soyayya na kawo muku ba, maganar tangaran ce.

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san jere: kwalla, kumbo, fanteka, langa, an ɗora wannan kan wancan har sun kusa taɓa rufi. 'Yan birni kan ce ƙauyanci ne a tara kwanukan da ba a cin abinci a ciki. Ni kam ban yarda ba. Jere shi ne asusun mace, ranar da abu ya ƙure nan take miƙa hannu, ba sai ta jira kowa ba.

A jeren kakata, da muke kira Iya, can Ruwan Bago ta ƙasar Rogo, akwai wani faranti da ya fita daban. Ba fari fat ba ne, kalar mayin nono ne, ga shi sakwat a hannu, bakinsa duk an huhhuda shi kamar saƙar kwando. Kakanmu ne ya sayo shi a Kano lokacin cinikin gyaɗa, a gwanjon kayan wani Bature da zai koma gida.

A gindinsa an danna sunan WEDGWOOD, shi kaɗai. Kamfanin ya fara ƙara sunan ƙasar Ingila a hatiminsa ne daga 1891, kun ga ke nan farantin ya girmi zuwan Turawa Kano a 1903. Josiah Wedgwood, maginin tukwane a yankin Staffordshire, shi ya fito da martabar irin wannan tangaran, da farin yumɓu da garin ƙanƙarar dutse. A 1765 ya yi wa Sarauniya Charlotte aiki, daga nan aka laƙaba wa kayan sunan na sarauniya. A 1774 ya kammala wa Sarauniya Catherine ta Rasha guda 952. Irin mai hudar nan kuwa na kayan zaƙi ne da 'ya'yan itace, ana fito da shi bayan an kwashe kwanukan abinci, don baƙi su ga arzikin gida. To, mene ne bambancinsa da jere? Su ma nuni suke yi. (Sukarin da ke cikin zaƙin nasu kuma bayi ne daga nan Afirka ta Yamma suke noma rakensa a tsibiran Karibiyan.)

Da farin 1973 ya zo, Iya ta riƙa sauke jerenta ɗaya bayan ɗaya tana musanyawa da dawa. Kwalla ta tafi, fanteka ta bi. Da aka zo kan farantin, dillaliya ta juya shi ta ce, "Haba Iya, wannan ai rariya ce! Ba ya riƙe miya, wa zai saya?" Rashin amfaninsa ne ya tsirar da shi.

Iya ba ta taɓa jin sunan Wedgwood ba, amma ta gane aikinsa. Ba ta taɓa sa masa tuwo ba. Alkaki take jera masa, da nakiya da dubulan, ranar salla ko in za a kai gara. Yanzu da na san da dalma ake yin ƙyallin irinsa na da, nakan shimfiɗa takarda kafin in ɗora alkakin.

Da Allah ya yi mata rasuwa, masu rabon gado ba su ko yi masa kuɗi ba, aka miƙo min. Bara wani mai sayen kayan da ya gan shi ya taya, kuɗin da ya isa taki na damina guda. Yayana ya ce, "Ƙanwata, Iya ma da ta sami mai saye ai da ta sayar." Gaskiyarsa, shi ya sa maganar ta tsaya min a rai. Na ce masa ya bari sai ranar da rumbu ya ƙare, kamar yadda ta yi. Har yau in mun haɗu sai ya tambaye ni ko rariyata na nan lafiya.