Linux da tsofaffin kwamfutocin masana'antunmu

Tun da Microsoft ta janye tallafinta ga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, nake ganin matasa suna ta cewa kowa ya koma Linux, ai kyauta ce. Ban ƙi ta tasu ba. Windows 11 sai da wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, kuma tsofaffin kwamfutoci na hannu da yawa ba su da shi.

Amma jama'a, ku leƙa ofishin sito na kamfanin roba a Sharaɗa, ko majema a Challawa, ko ɗan abin da ya rage a Bompai. Za ku tarar da kwamfutar da ke haɗe da sikeli ko injin buga takardar kaya, wata ma tun zamanin XP take, ba mai taɓa ta. Mai kamfanin da kuɗin dizal ya sha wa kai ba zai canza abin da ke aiki ba, kuma wallahi ban ga laifinsa ba.

To ita ma Linux ɗin ta fara sauke tsofaffin kaya. Debian 13 da ta fito a Agustan 2025 ba ta hawa kwamfuta mai 32-bit. A Satumba kuma GNOME 49 ta zo da X11 a kashe. X11 shi ne tsarin da ke zana tagogi a fuskar kwamfuta tun 1987, yanzu Wayland ke maye gurbinsa. KDE ma ta ce daga Plasma 6.8 sai Wayland kaɗai.

Suna da hujja fa. A X11 kowace manhaja na iya leƙen abin da kake bugawa a wata, har lambar sirri. Kuma da yawansu 'yan sa-kai ne, ba ka da bakin tilasta wa mutum ya yi ta facin tsohon gini da lokacinsa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda ake magana kamar kowa na sabunta kwamfuta duk bayan 'yan shekaru. Mu nan sai ta mutu, a kai ta Titin Beirut a tashe ta, ta sake mutuwa.

Sauƙin abin, manhaja mai 'yanci ba a rufe ƙofarta. Da GNOME ta juya wa tsohon fasalinta baya a 2011, wasu suka ɗauke shi suka ci gaba da shi da sunan MATE, yana nan har yau. Xfce ma ba ta da nauyi, tana kan X11. Debian 12 kuwa za a ci gaba da yi mata gyaran tsaro har tsakiyar 2028. Masu masana'antun nan da za su haɗa kuɗi su ɗauki ɗaliban kwamfuta na BUK ko uku su riƙe musu wannan aiki, da ya fi musu arha a kan sayen sababbi.

Kafin dai wani yaro ya goge maka Windows, ka sa ya kunna Linux ɗin daga filash, a gwada firinta da sikeli a gabanka. Manhajar sikelin nan galibi don Windows aka rubuta ta.