Dala ta faɗi ƙasa, wa zai duƙa?

Ƴan uwa manoma da makiyaya, yau zancen dala za mu yi. Ita ce ƙaramar kuɗin nan ja mai kan barewa, wadda take daidai da tamma 5. Da ita muke lissafin kome. Dala biyar, dala goma, dala ashirin, har dala 200 su cika jikka guda. Amma yanzu in ta faɗi a kasuwa ko a tashar mota, mutane wuce ta suke yi. Wani lokaci mai ita ma ba ya waiwayawa.

Ni kam ina duƙawa. In na ga mai ita, in miƙa mashi. In ban gan shi ba, in tambayi na kusa. In babu mai ita, in ba almajiri ko in sa aljihu. Samarin da nake koya ma karatu suna yi mani dariya. Sukan ce: "Mushe, dala kake duƙa ma? Me za ta saya maka?" Tambayarsu tana kan hanya. Kakata takan ce a zamaninta da dala guda yaro yake sayen ƙosai ya ci ya ƙoshi. Yau mai ƙosai ba ta ko kallon dala guda.

Me ya kawo haka? Kuɗinmu na sefa an kafa shi a 1945. Tun daga nan kaya suke ƙara tsada kaɗan-kaɗan. Babban bugu ya zo a watan Janairu na 1994, da aka karya darajar sefa. Kafin nan, tamma 50 ce ke sayen faran guda na Faransa. Aka wayi gari sai da tamma 100. Duk abin da ake kawowa daga waje ya hau: magani, takin zamani, shinkafa, kayan gyaran mota. Mai jikka goma cikin tukunya ya buɗe ya tarar da jikka goma ɗinsa, amma kayan da za su saya mashi sun ragu.

Wannan ba sabon abu ba ne. Kakanninmu da wuri suke ciniki, yau wuri sai ado. Kuɗin tamma guda an buga shi, amma yara da yawa ba su taɓa riƙa shi ba. Maƙwabtanmu na Najeriya sun fito da naira da kwabo a 1973. Wanda yake zuwa kasuwar Jibiya ko ta Illela ya san babu mai karɓar kwabo yanzu. Sunansa kaɗai ya rage a baki.

To, in haka ne, don me nake duƙawa? Don na lura wanda ya saba wuce dala a ƙasa, shi ne yake barin ta a kasuwa. Ka sayi sabulu, mai tebur ya ce: "Babu canji." Ka bar mashi dala biyu, ko ya ba ka alewa wadda ba ka nema ba. Ka kai hatsi, mai awo ya ce: "Rage dala guda a tiya, ai ba kome ba ce." Kai kuma kunya ta hana ka magana.

Mu yi lissafi tare. Buhun hatsi mai kilo 100 yana cin wajen tiya 40. In an rage maka dala guda a kowace tiya, dala 40 sun tafi a buhu guda. A buhu goma, dala 400 ke nan, wato jikka biyu. Wanda yake barin dala guda kowace rana, a shekara ya bar dala 365. Ita ma ta kusa jikka biyu. Mai awo ya san wannan lissafi sarai. Shi ya sa ba ya raina dala. Manomin da ya sha rana ya noma hatsin, shi ne yake raina ta.

Mata sun riga mu gane wannan. A 1991 aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi. Kowane mako mace ta zuba ɗan abin da ta samu cikin asusu. Daga nan suke ranta ma juna, wata ta sayi gujiya ta yi ƙuliƙuli, wata ta sayi akuya. Akuya tana haihuwa, kuɗin da aka binne cikin tukunya kuwa raguwa yake yi. Da yayyafi kogi kan cika.

Don haka, ƴan uwa, in za ku kasuwa ku tafi da ƙananan kuɗi. Ku ƙirga canjinku kafin ku bar gaban mai tebur. In ya ce babu canji, ku ce ya ƙara maku gishiri ko ashana, abin da gida yake bukata. Neman haƙƙinka ba rowa ba ne. Abin da ya taru kuma kada ya kwana cikin ƙasa, a sa shi asusu ko a maida shi dabba.

Allah ya ba mu damana mai albarka.