Ranar da Aka Rufe Hanyar Kwanni

Ni ɗan Illela ne. Mahaifina dillali ne a kara, kuma da la'adar da yake samu ranar Lahadi ake biya mini kuɗin makarantar nan. Mahaifiyata kuwa 'yar Birnin Kwanni ce, can tsallaken iyaka a Nijar. Da muna yara, zuwa gidan kakanninmu bai fi mu hau babur ba. Ban taɓa ɗaukar Kwanni wata ƙasa ba sai a 2019.

A watan Agustan shekarar gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa don hana fasa-ƙwaurin shinkafa. Daga baya aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, mu ma abin ya haɗa da mu. Sai Disamban 2020 aka buɗe Illela. Mun ɗan fara farfaɗowa ke nan, sojoji suka kifar da Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023. ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka sake rufe hanya, Najeriya ta yanke musu wutar lantarki.

Ba zan manta Lahadin da ta biyo baya ba. Shanu da raguna da raƙuman da ke shigowa daga Nijar suka yi ƙaranci, manyan motoci suka yi layi a bakin iyaka, kayan gwari na ruɓewa. Baba ya dawo da la'asar hannu rabbana, ya zauna a tabarma ya ce, "Kai ɗan boko, gaya min, mi ag gamina da sojan Yamai?" Na rasa amsa. A zangon nan sai da Inna ta sayar da tunkiyarta kafin na yi rajista.

Kasuwa dai ba ta mutu ba, daji ta shiga. 'Yan kabu-kabu suka riƙa bin barauniyar hanya, kuɗin ɗauko kaya ya ninka, mai jari ya ci riba, talaka ya biya. Wato hukuncin da aka yanke don a matsa wa masu mulki, kan masu ɗan ƙaramin ƙarfi ya sauka, nan da can.

Sai kuma aka fara maganar yaƙi. Inna ta daina barci, tunda idan aka harba bindiga, 'yan uwanta ne a gaba. A nan na ga amfanin muryar jama'a. Malamai suka yi ta huɗuba, ƙungiyoyi suka yi ta magana a rediyo, Majalisar Dattawa ta ƙi goyon bayan amfani da ƙarfin soja. Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ya bi tawagar Janar Abdulsalami zuwa Yamai, tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau ta gana da Janar Tchiani. Ba a yi yaƙin ba, alhamdu lillahi.

Amma ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Manya sun yi magana an ji su kan yaƙi, amma iyaka ta zauna a rufe har Maris ɗin 2024. Wata bakwai da ɗoriya! Wa ya tambayi dillalai da direbobi da mata masu tuwo-tuwo a tasha kafin a rufe? Wa ya lissafa asararsu bayan an buɗe? Suna da ƙungiyoyi, amma galibi aikinsu karɓar kuɗin kati da sasanta rigima. Ba su saba rubuta koke ba, balle su san ƙofar da za su kai shi.

Inna takan ce murhu duwatsu uku ne, in ɗaya ya yi gajarta tukunya kifewa take yi. Gwamnati dutse ce, kasuwa dutse ce, mu jama'a mu ne na ukun, kuma namu ne gajeren.

'Yan uwana ɗalibai, mu da ke koyon akanta da aikin gwamnati da jarida, wannan giɓin namu ne. Hutun da ya wuce na zauna da su Baba, muka buɗe littafi muna rubuta yawan dabbobin da ke shigowa hannunsu kowace Lahadi da farashinsu. Da farko dariya suka yi mini. Yanzu Baba ne ke kira na a waya ya ce, "Ɗauko biro, ga na wanga mako." In an sake rufe hanya, aƙalla muna da abin nunawa.