Yaron da ke niƙa launi

A ƙasar Italiya akwai wani tsohon birni a bakin kogin Arno. Mutanensa suna kiransa Firenze, Faransawa kuwa suna ce masa Fulorans. Shekaru 500 zuwa 600 da suka wuce, masu zane da magina da masassaƙan dutse na birnin nan sun yi ayyukan da har yau ake zuwa kallo daga ko'ina. Turawa suna kiran lokacin nan zamanin Farfaɗowa. Allah ya nufe ni da zuwa can, na yi kwana uku ina zagaya gidajen ajiyar kayan tarihi. Yara, ga abin da ya fi tsaya mini a rai.

Rana ta fari na shiga gidan Ufizi. An soma gina shi a 1560 domin ma'aikatan mai mulkin birnin, Kosimo na zuriyar Medici. Zuriyar nan ta tara zane-zane masu yawa. A 1737 magajiyarsu ta ƙarshe, Anna Mariya Luyiza, ta bar su da sharaɗin kada a fitar da su daga ƙasarta. Shi ya sa suna nan har gobe.

A wani ɗaki na daɗe gaban wani zane na addinin Kirista, wanda aka yi a shagon wani gwani, Berokiyo. Daga hagu akwai mala'iku biyu a durƙushe. Na gefe ya fi kyau, gashinsa kamar iska za ta kaɗa shi. Ba maigidan ya zana shi ba, ɗan koyonsa ne, Lewonardo da Binci, wanda aka haifa a 1452.

Kun san da me ɗan koyo yake farawa a irin shagon nan? Da shara. Sa'an nan ya koyi niƙa launi bisa dutse, kamar yadda ake niƙa gero. Shuɗi mafi tsada daga wani dutse na ƙasar Afganistan ake samun shi, saboda haka ba a yarda ko kaɗan ya zube. In launin ya yi laushi sai a kwaɓa shi da gwaiduwar ƙwai. Yaro yakan yi shekaru yana wannan, yana kwaikwayon zanen maigida, kafin a bar shi ya taɓa babban aiki.

Kashegari na je gidan Akademiya. Can ne aka ajiye mutum-mutumin da suke kira Dabid, mai tsawon fiye da mita 5. Mikelanjelo ya sassaƙa shi daga farin dutse guda ɗaya, tsakanin 1501 da 1504. Shi ma yana da shekara 13 aka kai shi shagon koyo. Jama'a duk sun taru wajen Dabid. Ni kuwa wasu mutum-mutumi huɗu da bai gama ba suka riƙe ni. Kafaɗa ta fito, ƙirji ya fito, amma saura yana cikin dutse. Ana ganin sawun kurfi ɗaya bayan ɗaya, kamar kunyoyin gona. Nan na ga gumin da gamammen aiki yake ɓoyewa.

Rana ta uku na hau matakala 463 har ƙolin ƙubbar babbar majami'ar birnin. Na isa ina haki, ga birnin duka a ƙasana da jan rufinsa. Wanda ya tsara ƙubbar, Buruneleski, ƙirar zinariya ya fara koya. An yi shekara 16 ana ɗora tubali bisa tubali, daga 1420 zuwa 1436.

Na san akwai ɗalibai a cikinku da suke ɓata rai in lokacin aikin hannu ya zo, suna ganin alƙalami ne kaɗai abin girma. Akwai kuma masu jin kunyar faɗin cewa ubansu maƙeri ne ko baduku. Ku sani gwanayen da na ambata duk daga shago suka fito, da ƙura a hannu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

In kun je Yamai, ku shiga gidan tarihi na Bubu Hama, inda masu sana'a suke aiki a gaban baƙi. In ba ku je ba, maƙerar unguwarku ta isa. Ku gai da maigida, amma ku duba yaron da ke zuga wuta, ku tambaye shi abin da ya koya bana.

Tambayoyi
1. Me ya sa zane-zanen zuriyar Medici ba su bar birnin Firenze ba?
2. Waɗanne ayyuka ɗan koyo yake fara yi a shagon mai zane?
3. Wace sana'a ake yi a gidanku, kuma da me ɗan koyo yake farawa?