Tsohuwar Mujallar Da Ta Sa Na Ajiye Bulala

'Yar'uwa, idan kina da yaro mai ciwon sikila, kin san yadda zangon karatu yake tafiya: mako biyu a aji, mako uku a gadon asibiti. Haka muka yi ta fama da ɗiyata har ta shiga aji uku na firamare ba ta iya haɗa baƙi ba. Ranar da ta ce min, "Umma, ni daƙiƙiya ce ko?" ɗaki na shige na sha kuka. Daga nan muka yanke shawara da babanta ta zauna a gida shekara guda, in koyar da ita.

Na fara da allo da alli da bulala a gefe. Ko wata ba mu yi ba muka gaji da juna.

Ƙanwata da ke aure a Amurka ce ta turo min tsofaffin fitowar wata mujalla mai suna Growing Without Schooling. Wani malamin makaranta, John Holt, ya kafa ta a 1977. Ya rasu a 1985, amma ta ci gaba da fitowa har 2001. Yawancin shafukanta wasiƙun iyaye ne, kowa na faɗin abin da ya gwada da inda ya yi tuntuɓe. Ra'ayin Holt shi ne yaro ya fi riƙe abin da ya koya cikin sha'awa da hidimar yau da kullum.

Sai na ajiye bulala. Lissafi ya koma kicin: gwangwani nawa ke cika mudu, canjin nawa mai kayan miya zai ba mu. Karatu kuwa, ita za ta yi min tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, in rubuta, sannan ta karanta abin da ya fito daga bakinta.

Sai dai ki tace kafin ki sha. Don iyayen Amurka aka yi waɗannan mujallu, masu laburare a kusa, wasunsu kuma a kan tarbiyyar addinin masu su aka gina su. Ni dabara kawai na ɗauka. Ban cire ta daga Islamiyya ba, kuma ina bin manhajar ajinsu don kada a bar ta a baya.

A wata na bakwai, muna kwance a asibiti ana yi mata ƙarin ruwa, ta karanta min shafi guda na Magana Jari Ce ba tare da na taya ta ba.

Idan naki ma ciwo ya tsare shi a gida, kada ki karaya. Allah Ya raya mana su, Ya ba su lafiya.