Man tsere a tankin motar zuwa kasuwa



Wata sara ta shigo wa samarinmu masu mota, kuma tunda sama da shekara goma sha biyar ke nan ina harkar tokumbo a Berger, na ga ya dace in ce wani abu. Yaro zai gani a YouTube ko TikTok Bature ya tuttula wani mai daga gwangwani mai lamba 100 ko 110, mota ta fizga kamar an harba kibiya, shi ke nan ya ƙudurta cewa abin da ya hana tasa gudu shi ne fetur ɗin gidan mai. Daga nan sai cigiyar man tsere, ko man jirgi, ko 'yan kwalaben da ake cewa suna ƙara wa fetur ƙarfi.

Wannan lamba sunanta okten, kuma abin da take aunawa shi ne haƙurin mai. A cikin inji, fistin yana matse fetur da iska wuri guda, sannan filogi ya ba da tartsatsi, wuta ta bi a jere ta tura fistin ƙasa. Idan matsi da zafi suka fi ƙarfin man, wani sashensa yakan fashe da kansa kafin wutar filogi ta iso gare shi. Shi ne ƙarar nan da kake ji kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani idan tsohuwar mota ta ɗauki lodi tana hawan gada. Kada a haɗa ta da abin da bakanike yake nufi idan ya ce inji ya buga, wato ya ƙone ya tsaya cak, ko da yake wannan ƙarar idan ta daɗe tana iya kai mutum can. Masana sun ɗauki sinadarai biyu suka yi ma'auni da su: ɗaya mai saurin fashewa suka ba shi 0, ɗaya mai jure matsi suka ba shi 100. Fetur mai lamba 91 yana jure matsi kamar gaurayen kashi 91 na mai haƙurin da kashi 9 na mai gaggawar. Iyakar labarin ke nan. Zafin da lita guda take bayarwa idan ta ƙone kusan ɗaya ne, ko 91 ce ko 100.

Motar tsere tana buƙatar babbar lamba ne saboda an ƙera injinta ya matse mai fiye da kima, sau 13 ko 14, wani kuma ga turbo yana cusa masa iska. Ƙarfin daga ƙirar injin yake fitowa, man kawai yana hana shi tarwatsewa ne. Injin Corolla ko Camry da muke hawa yana matsewa wajen sau 10. Ka ba shi mai lamba 110, ba shi da hanyar cin moriyar rarar. Kamar ka saya wa jaki sirdin dokin sarki ne.

Wani abin da ke rikita mutane shi ne lissafin ba iri ɗaya ba ne a ko'ina. Yawancin motocin da ke sauka a Tin Can daga Amurka suke, kuma littafinsu yakan ce a zuba mai lamba 87. Amurka tana haɗa gwaji biyu ne ta raba biyu, shi ya sa lambarta take fitowa ƙasa. Abin da suke kira 87 shi ne wajen 91 a ma'aunin RON da Turai da mu muke amfani da shi. Wato motar da aka rubuta wa 87, fetur na gama-gari aka ƙera ta ta sha tun daga masana'anta.

Watannin baya ɗan yayana ya zo mini da Honda Accord ɗinsa ƙirar 2008, wadda 'yan kasuwa suke kira Evil Spirit. Ya ja ni gefe yana magana ƙasa-ƙasa.

"Baffa, akwai wanda zai samo mini man jirgi, jarka guda. An ce in na gauraya rabi da rabi, ba mai kamo ni a Third Mainland."

Na ce, "Wane irin man jirgi? Mai ruwan bula ko fari?"

Ya yi shiru, bai san iri biyu ba ne.

Manyan jiragen da ke tashi daga Ikeja Jet A1 suke sha, wanda ɗan uwan kananzir ne. Lambar okten ɗinsa ƙasa take ƙwarai, in ya shiga injin fetur da yawa ƙarar tsakuwar nan ce za ta tashi har fistin ya lalace. Ɗayan kuma, na ƙananan jirage masu injin fistin, shi ne 100LL, mai launin shuɗi. Lambarsa babba ce da gaske, amma da dalma aka ɗaga ta. Haka ma da yawa daga cikin man tseren da ake sayarwa a gwangwani da duro a Amurka, musamman masu lamba 110 zuwa sama, akwai dalma a ciki, kuma an rubuta a jikinsu cewa ba na hawa titi ba ne.

A nan ne maganar ta fi damuna. Motocin zamani suna da wata na'ura a jikin salansa mai tace hayaƙi, wadda 'yan Ladipo suke kira indomi saboda ramukan cikinta. An shafe cikinta da ƙarafa masu tsada irin su filatinam, shi ya sa ɓarayi suke yanke ta. Dalma tana lulluɓe waɗannan ƙarafa ta kashe aikinsu, kuma ba a wanke ta. Tana kuma kashe 'yan na'urorin da ke shinshinar hayaƙi su gaya wa ƙwaƙwalwar mota yawan man da za ta saki. Da zarar sun mutu, fitilar inji ta kama a dashbod, mota ta fara zuƙar mai kamar rijiya. Tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayu 2023, ban san wanda yake neman ƙarin shan mai ba.

Wannan asarar aljihu ce, ana iya mayarwa. Hayaƙin kuwa mutane ne suke shaƙa. Tun 1921 wani injiniya a kamfanin General Motors, Thomas Midgley, ya gano cewa dalma tana hana fetur fashewa da wuri, duniya ta yi shekaru da dama tana ƙona ta kafin a yarda cewa tana taɓa ƙwaƙwalwar yara, illar da ba ta warkewa. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina sayar da fetur mai dalma a farkon 2006, Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya, a 2021. Mu ba sai an yi mana dogon bayani a kan gubar dalma ba, mun ga abin da ta yi a Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu ta dalilin haƙar zinare. To mutum ya tayar da mota da safe a lungun Agege ko Idi-Araba, salansa tana kallon ƙofar shago, yara suna wucewa makarantar allo, don kawai ya riga wani isa Oworonshoki? Gadar ma duka ba ta cika kilomita 12 ba, kuma rabin rana gosulo ne a kanta. Su kansu masu tseren Formula 1 fetur marar dalma suke amfani da shi.

Ban ce lambar okten ba ta da amfani ga kowa ba. Mai Mercedes ko BMW ko wata mota mai turbo, idan ya buɗe murfin tanki zai ga an rubuta 95 ko 98. Irin wannan inji idan ya sami mai ƙasa da haka, akwai na'urar da ke sauraron ƙarar fashewa, sai ƙwaƙwalwar motar ta jinkirta tartsatsin filogi don kare shi, ƙarfi ya ɗan ragu. Shi in ya sami fetur mai babbar lamba marar dalma daga hannun da ya amince da shi, zai ga bambanci. Matsalar ita ce hannun. Abin da aka miƙo maka a jarka ba takarda, ba ka san me aka zuba ba. Waɗanda suke Legas da Abuja a watan Fabrairun 2022 sun tuna fetur ɗin da aka shigo da shi mai yawan sinadarin metanol, da layin da ya biyo baya, da motocin da suka kwana a gareji. Metanol ma lambar okten ɗinsa ta haura 100.

Shi kuwa ɗan yayan nawa, sai na ce ya buɗe bonet. Filogin da ke ciki tun na Amurka ne. Matatar iska ta yi baƙi ƙirin da ƙurar hunturu. Wani bakanike ya cire masa abin da ke daidaita zafin inji ya haɗa fanka kai tsaye, injin ba ya kai zafin da ya kamata, ƙwaƙwalwa tana ta sakin mai kamar yanzu aka tayar da shi. Tayoyin baya biyu iskarsu ta yi ƙasa, ga but cike da tsohon batir da jarkoki.

"Baffa, duk wannan zai kai kuɗin jarkar?"

"Je ka tambayo," na ce masa, "amma filogi ka sayo na asali, kuma ka tsaya a kansa har a ɗaura."