Wayar da Ta San Hanyar Gida

A watan Satumba na 2021, hukumar NCC ta umarci kamfanonin sadarwa su katse layukan waya a faɗin Jihar Zamfara, bisa roƙon gwamnatin Bello Matawalle, wanda shi kansa ɗan Maradun ne. Hujjar ita ce 'yan bindiga na samun rahoto ta waya daga masu kai musu tsegumi. Tun daga lokacin, mutanen Bakura suka san cewa labarin inda mutum yake na iya zama makami a kansa.

Manomin da ya sayar da shinkafar da ya noma da ruwan madatsar Bakolori a kasuwar Talata Mafara, kuɗinsa yanzu a manhajar waya suke shiga. Manhajar ta san adadin kuɗin da lokacin shigarsu, kuma in an ba ta izini, ta san hanyar da ya bi zuwa gida. A Legas, irin wannan sani talla yake jawo wa mutum. A Bakura, idan ya faɗa hannun da bai dace ba, maganar kuɗin fansa ake yi.

Dokar kare bayanan sirri ta 2023 ta ɗauki amincewar mai bayanai a matsayin ginshiƙi, kuma hakan daidai ne. Sai dai amincewar, a aikace, wani maɓalli ne da aka rubuta da Turanci, kuma sau da yawa yaron shagon cajin waya da ya saka wa manomin manhajar ne yake danna shi.